Wata takwas ina karya kumallo da kwaka: abin da na'urar gwajin suga ta nuna mini

Gwangwanin kwaka na farko ba ni na saya ba. Ƙanwar maigidana ce ta shigo da shi a leda, kwana biyu bayan labari ya zaga dangi cewa an gwada ni an samu ciwon suga. Ta ajiye shi a gefen tabarma ta ce, "Yaya, wannan shi masu suga ke sha. Ki bar koko, ki bar burodi, ki riƙe shi." Na yi mata godiya, don na san da zuciya ɗaya ta kawo. Sai dai abin da ta faɗa rabin magana ne. Ragowar rabin sai da na huda yatsuna fiye da sau ɗari kafin na gano shi, kuma shi nake so na rubuta, saboda na san gidaje da yawa da irin wannan gwangwani ya shiga da irin wannan umarni.

Ni malamar firamare ce a Kano, shekarata 52. Mahaifina hawan jini ne ya kwantar da shi, ɓarin jikinsa ya shanye, muka yi jinyarsa shekara uku kafin Allah ya karɓi abinsa. Don haka ranar da likita ya dubi takardata ya ce sugana na safe kafin na ci komai 9.4 ne, alhali daga 7 zuwa sama ake kiran abin ciwo, ba sugan ne ya fi tsorata ni ba. Layin da ke ƙasa ne, inda aka rubuta cewa kitsen jinina, irin mugun da ake kira LDL, ya haura inda ya kamata. Likita ya ce mai suga ya fi kowa buƙatar lura da zuciyarsa, domin suga da kitse tare suke lalata jijiyoyin jini. Ya rubuta mini maganin suga mai suna metformin, ya ce na sayi na'urar gwaji, na dawo bayan wata uku. Na'urata irin mai ƙananan lambobi ce. Wanda tasa ke nuna ɗari da wani abu ya ninka lambobina da 18, zai ga daidai da nasa.

Sunan da muke kiran abin, kwaka, daga Quaker Oats ya samo asali, kamfanin Amurka da aka kafa a 1901. Kamar yadda kowane garin sabulu ya zama omo, kowane ɗanɗanon miya ya zama magi, haka kowane irin wannan hatsi ya zama kwaka a bakinmu. To ni hatsin nake nufi, ba kamfani ɗaya ba. A cikin wata takwas na sayi na kamfanoni daban-daban har biyar, wasu a kantin unguwa, wasu a Kasuwar Singa idan na shiga sayayyar wata. Hatsi ne na ƙasashen sanyi, Kanada da Rasha ne kan gaba wajen nomansa. Ba ma noma shi a nan, shigo da shi ake yi, shi ya sa farashinsa ke bin dala sau da ƙafa. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, duk mai saye ya ji a jikinsa.

Makon farko na dama shi yadda na san ana dama koko. Na cika kofin silba da garin, irin mai laushin nan da ruwan zafi kawai yake buƙata, na zuba rabin gwangwanin madara, sannan tun da an hana ni sukari na tsiyaya zuma cokali biyu, don an ce mini zuma ba ta da illa. Na haɗa da yankan burodi guda ɗaya, wai don ya riƙe ni har a tashi daga makaranta. Ina sha ina jin na kama hanyar lafiya. Rana ta huɗu, Asabar ce, ina gida, na ce bari na gwada bayan awa biyu kamar yadda likita ya ce. Na'ura ta nuna 13.2. Abin da ake so bayan cin abinci kada ya kai 10. Na sake huda wani yatsan, ya nuna kusan haka. Na zauna a bakin gado riƙe da audugar, gabana yana faɗuwa, ina tunanin idan abincin masu suga ya kai ni nan, me kuma ya rage na ci?

'Yata da ke karatun jinya ce ta same ni a haka. Ta ce, "Umma, cokali nawa kika zuba?" Na ce ban ƙirga ba, kofi na cika. Ta ɗauko ɗan sikelin da take auna fulawar kek, ta cika kofin kamar yadda na yi, ta ɗora. Ya haura giram 90. Ta juya gwangwanin ta nuna mini ɗan rubutun da ke baya, inda aka ce abin da mutum ɗaya zai sha giram 40 ne. Wato fiye da ninki biyu nake sha, ga zuma wadda jini bai bambanta ta da sukari ba sai kaɗan, ga madara, ga burodi. Laifin ba na hatsin ba ne, amma daga ranar na fahimci cewa kwaka ma abinci mai sitaci ne kamar shinkafa da masara. A cikin giram 40 ɗin nan akwai kimanin giram 27 na abin da jiki ke mayarwa suga. Ba wanda ya gaya mini wannan, kuma na tabbata mafi yawan masu kai wa marasa lafiya shi ba su sani ba.

Daga nan na sayi ɗan littafi na awo, na fara rubuta abin da na ci da abin da na'ura ta ce. A nan na gano cewa kwaka ba iri ɗaya ba ne, kuma bambancin ba na ado ba ne.

Akwai mai laushi, wanda aka turara aka murje shi siriri aka kakkarya, har idan ka matsa shi da yatsa yana zama gari. Shi ne ya fi yawa a kantunanmu, shi ne kuma ya fi sauƙin damawa, minti ɗaya ko biyu an gama. Akwai mai faɗin ƙwaya, wanda aka danne ƙwayar hatsin gaba ɗaya ta baje kamar ƙaramar ƙwayar kankana, kana ganin kowace ɗaya da siffarta. Wannan sai an ɗora a wuta kamar minti biyar zuwa goma. Sannan akwai wanda ba a danne ba, datsa shi kawai aka yi gutsi-gutsi kamar tsakin masara, yana cin kusan rabin awa a wuta. Wannan na ƙarshen sau ɗaya na taɓa samunsa, a wani babban kanti, kuma kuɗinsa ya sa ban koma ba.

Ma'aunin da masana abinci ke auna saurin tashin suga da shi yana ba tsantsar gulukos, wato irin sugan da ke cikin jini, maki 100. Mai faɗin ƙwaya da datsattsen suna wajen 55, mai laushin kuwa yana kusan 79, wato ya yi kafaɗa da farin burodi. Hatsi ɗaya ne, inji ne ya raba su. Duk yadda aka ƙara murje ƙwaya, haka ciki ke saurin narkar da ita, haka suga ke kwarara cikin jini lokaci guda. Littafina ya tabbatar mini da wannan. Giram 40 na mai laushi da ruwa da 'yar madara kaɗan, ba zaƙi, yakan kai ni tara da ɗoriya. Giram 40 na mai faɗin ƙwaya, an yi masa haɗi iri ɗaya, da wuya ya wuce takwas. Jikina ne wannan, na wani zai iya bambanta, amma na maimaita gwajin sau da dama kuma kullum mai faɗin ne a ƙasa.

Abin da ya fi burge ni da na fahimce shi, shi ne inda amfanin kwaka yake. A cikin yauƙinsa yake. Duk wadda ta dafa shi ta san yadda yake kama cokali, yana ja kamar miyar kuɓewa da ba ta gama kaɗuwa ba. Da farko wannan yauƙin ne ya fi damuna, har ina ƙara ruwa don na tsinka shi. Ashe shi ne kuɗin da na biya. Wani nau'in faiba ne, wato ɓangaren abinci da jiki ba ya mayarwa suga, irin mai narkewa a ruwa, sunansa beta-gulukan. Idan ya isa ciki sai ya yi kauri, ya rage saurin fitar abinci daga tumbi zuwa hanji, suga ya riƙa shiga jini a hankali maimakon ya afka gaba ɗaya. Wannan ɓangaren suga ke nan.

Ɓangaren zuciya ya fi ban sha'awa, kuma 'yata ce ta zana mini shi a bayan wata tsohuwar takardar jarrabawa. Hanta tana haɗa ruwan matsarmama, wannan mai ɗacin da muke kaffa-kaffa kada ya fashe idan muna gyaran kaza, kuma da kolestarol, wato kitsen jinin nan, take haɗa shi. Ruwan yana zuba cikin hanji ya taimaka wajen narkar da maiƙo, sannan jiki ya sake tsotse mafi yawansa ya mayar wa hanta, ba ya asara. Idan yauƙin kwaka yana cikin hanji, sai ya riƙe wani kaso na ruwan ya fice da shi ta bayan gida. Dole hanta ta haɗa sabo, sai ta jawo kolestarol daga cikin jini ta yi aikin da shi. Haka LDL ke sauka. Ba tatsuniyar 'yan talla ba ce. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince tun 1997 a rubuta a jikin kwalin kwaka cewa yana iya rage haɗarin ciwon zuciya, hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ma ta amince da batun rage kolestarol a 2010. Dukansu sun gindaya sharaɗi ɗaya: sai mutum ya samu giram 3 na beta-gulukan a kowace rana.

A nan ne lissafi ya cije mini. Kwaka yana ɗauke da kimanin kashi 4 cikin ɗari na beta-gulukan. Don a samu giram 3 sai an ci wajen giram 75 na hatsin kullum. Ga wanda kitsen jini ne kawai matsalarsa, wannan ba wani abu ba ne, ya cika kwano ya sha. Amma giram 75 yana tafe da kusan giram 50 na sitaci, kuma idan na zuba wannan a zama ɗaya na san abin da na'ura za ta ce. Zuciya tana so a ƙara, suga yana so a rage, ni kuma ina tsakiya da cokali a hannu. Babu gwangwanin da ya rubuta wannan a jikinsa, kuma a ganina shi ne abu mafi muhimmanci da mai suga ya kamata ya sani kafin ya saya.

Yadda na sasanta su shi ne, giram 40 da safe, kullum. Wasu ranakun na ƙara wani giram 30 da dare a madadin tuwo. Na kuma samu dusar kwaka a wani kanti, ana sayar da ita daban a ƙaramar leda. Beta-gulukan ya fi yawa a dusar, sitaci kuma ya fi ƙaranci, sai nake barbaɗa cokali biyu a kan na safe. Abin ya tsaya mini a rai, yadda muke surfa gero da dawa mu bai wa awaki dusar, mu tace ƙullu har sai ya yi sumul, sannan ga ni ina biyan kuɗi mai yawa don sayen dusar wani hatsi daga wata ƙasa.

Game da ɗanɗano kuwa, gaskiya ita ce kwaka ba shi da shi. Idan aka dafa da ruwa zalla lami ne, ba tsamin koko, ba ƙamshin kunun gyaɗa, ba komai. Maigidana ya ɗanɗana sau ɗaya ya ajiye cokali ya ce, "Allah ya ba ki lafiya." Wanda ya saba da kayan zaƙi, wannan lamin ne zai tura shi ga sukari, daga nan kuma aikin ya ɓaci. Na ɗauki kusan wata guda kafin na samo hanyoyi biyu da nake ci da marmari.

Ta farko, ina tafasa ruwa kofi ɗaya da rabi da ɗan dakakken citta da kanumfari biyu da ɗan gutsuren girfa. Idan ƙamshi ya tashi sai na zuba mai faɗin ƙwaya, na rage wuta, na juya sau biyu ko uku, na sauke tun ƙwayar tana da ɗan tauri a haƙori. Kada a bari ya dahu ya zama kamar talge. Idan ya ɗan huce na zuba kindirmo ludayi ɗaya, wanda ba a sa masa sukari ba, na watsa soyayyiyar gyaɗa cikin tafin hannu. Tsamin kindirmon yana maye gurbin zaƙin da baki ke nema, gyaɗar kuma tana ba haƙori aiki. Da dafaffen ƙwai ɗaya a gefe, ina shiga aji ƙarfe takwas ban sake tuna abinci ba sai bayan azahar. A da, da koko da ƙosai da burodi, ƙarfe goma sha ɗaya hannuna ya fara rawa, ina aiken yara su sayo mini wani abu a bakin ƙofar makaranta. Wannan riƙe cikin shi ne abin da na fi yaba wa kwaka da shi, fiye ma da lambobin na'ura.

Ta biyu ita ce wadda nake alfahari da ita, don ni na ƙirƙiro abata a kicin ɗina, ko da yake na san wasu ma za su iya yin tunanin. Fate nake yi da shi, kamar faten tsaki. Na soya albasa da attaruhu da tumatir a mai cokali ɗaya, na tsaida ruwa, na sa daddawa da busasshen kifi da ɗan gishiri kaɗan, saboda hawan jinin gidanmu. Idan ya tafasa na zuba kwakan, bayan minti biyar na cika tukunyar da alayyahu da 'yar yakuwa, na rufe na kashe wuta. Yauƙin yana haɗe romon ya yi kauri daidai, ganyen ya ninka yawan abincin ba tare da ƙarin sitaci ba. Wannan faten ne ya ba ni lambobi mafi kyau a duk littafina, sau da yawa bakwai da 'yan kai. Shi ne kuma kaɗai yaran gidan ke miƙo kwano a zuba musu.

Sai maganar tuwon kwaka, wanda ya zama yayi. Duk gidan da ke da mai suga za ka ji an ce an koma tuwon kwaka ko na alkama. Na gwada, na niƙa a bilenda na tuƙa. Yana tuƙuwa da kyau, ya fi tuwon alkama laushi, yana tafiya da miyar kuka ko kuɓewa ba gardama. Amma a yi tunani: hatsin da amfaninsa ke cikin rashin saurin narkewa, an mayar da shi gari. Sannan malmala ɗaya irin wadda muka saba ci tana cinye garin da ya kai giram 120, ninki uku na abin da aka ce. Daren da na ci cikakkiyar malmala na ga 11.6. Da na raba ta biyu, na cika kwanon da miyar kuɓewa da kifi, na dawo ƙasa da tara. Don haka ban ce a daina ba, amma wanda ya bar malmala biyu ta tuwon shinkafa ya koma malmala biyu ta tuwon kwaka, ya ƙara kashe kuɗi ne kawai, sugansa yana nan inda yake. Wata abokiyar aikina haka take yi wa mahaifiyarta wata da watanni, suna mamakin me ya sa gwaji ba ya sauka.

Akwai iri biyu da ba zan sake saye ba. Na farko ƙananan fakitin nan masu ɗanɗanon ayaba ko zuma ko madara, da ake cewa a zuba ruwan zafi kawai. Na juya bayan ɗaya na karanta jerin abin da ke ciki, sukari ne na biyu bayan hatsin, kuma ƙa'ida ita ce abin da ya fi yawa shi ake fara rubutawa. Ga yaro mai tafiya makaranta wataƙila babu laifi, ga mai suga kuwa alewa ce a cikin rigar magani. Na biyu shi ne wanda ake ɗurawa a farar leda ba suna ba kwanan wata, ana sayarwa da araha. Na saya sau ɗaya a wani shago don na rage kashe kuɗi. Da na buɗe sai wani wari kamar na tsohon man gyaɗa, da na baza a faranti kuma na ga ƙananan ƙwari suna motsi. Kwaka ya fi yawancin hatsi mai a jikinsa, shi ya sa idan ya daɗe a zafi irin namu yake yin wari ya yi ɗaci. Tun daga nan ba na saye sai na ga lambar NAFDAC da ranar lalacewa, kuma da na buɗe nake juye shi a roba mai murfi mai kamawa, na ajiye nesa da murhu.

Wani abu da ya kamata a sani, makon farko zuwa na biyu cikina ya yi ta kumburi da iska. Na ɗauka bai karɓe ni ba ne, ashe hanji ne bai saba da faiba mai yawa ba. Da na ƙara shan ruwa abin ya wuce da kansa, bayan gida ma ya daidaita fiye da da.

Azumin bana da shi na yi sahur kusan kullum, bayan likita ya duba ni ya ce zan iya yi, ya kuma gyara mini lokutan shan magani. Haɗin kindirmo da gyaɗa da ƙwai ya kai ni la'asar ba tare da jiri ba. Amma ina jan kunnen duk wanda ke allurar insulin ko yake shan irin su glibenclamide, waɗanda ke iya faɗar da suga ƙasa warwas: kada ya rage abinci ko ya sauya shi da kansa ba tare da likitansa ya sani ba. Sugan da ya faɗi ya fi wanda ya hau saurin kayar da mutum. Haka mai ciwon ƙoda, akwai sinadaran da ake taƙaita masa, ya tambaya kafin ya mayar da kwaka abincin kullum.

To bayan wata takwas me aka samu? Gwajin da ke nuna matsakaicin suga na wata uku, wanda ake kira HbA1c, ya sauko daga 8.3 zuwa 7.1. Na rage kilo huɗu. Ba zan ɗora wannan duka a kan kwaka ba, don zai zama na yi ƙarya. Ina shan maganina ban taɓa tsallakewa ba, na daina lemon kwalba, na rage tuwon dare, kuma ina sauka daga adaidaita sahu tun kafin a kai makaranta na ƙarasa da ƙafa. Abin da zan iya rantsuwa a kai shi ne karin kumallona ya daina zama lokacin da suga ya fi hawa a yini, kuma kwaka ne ya yi wannan.

Kitsen jini kuwa ya sauka, amma kaɗan, daga 4.1 zuwa 3.8. Na ɗan ji ba daɗi, na gaya wa likita. Ya ce abin da ake tsammani ke nan, kwaka yakan rage LDL da kashi biyar zuwa goma cikin ɗari idan an ci isasshe, ba ya wuce haka. Ya ce da shekaruna da suga da tarihin mahaifina wannan bai isa ba, ya ƙara mini atorvastatin, ƙwaya ɗaya da dare, irin maganin da ke iya rage shi da kashi talatin zuwa hamsin. Na so a ce abinci kaɗai ya wadatar, ba na son ƙarin ƙwayoyi. Amma na tuna yadda muke juya Baba a kan katifa, na karɓi takardar. Ina faɗin wannan ne saboda na ji mutane suna cewa sun ajiye magani sun koma kwaka da zogale. Wallahi ina jin tsoron wannan magana. Duk wanda ya ajiye maganin hawan jini ko na suga saboda gwangwanin hatsi, yana wasa da ransa ne.

Saura batun aljihu, wanda ga malamar firamare ba ƙaramin batu ba ne. Gwangwani mai giram 500, idan ana ɗiban 40 kullum, kwana goma sha biyu yake yi. A wata ana buƙatar biyu da rabi, ga mutum ɗaya, idan yara ba su sa hannu ba. Manyan ledoji masu kilo ɗaya na mai faɗin ƙwaya sun fi sauƙi idan aka lissafa, kuma su ne ma suka fi amfani, sai dai ba kowane kanti ke ajiye su ba. Watan da albashi ya makara, na tsaya a gaban kanta da kuɗin da ba zai ishi magani da tsinken gwaji da kwaka ba, sai na bar kwakan. Makonni biyun nan da wake na karya, wani lokaci dafaffe da alayyahu, wani lokaci alale, kuma na'ura ba ta yi ƙorafi ba ko sau ɗaya. Wake da kuɓewa suna da nasu faiba mai narkewa, ko da yake ba beta-gulukan ba ne. Hatsin da ya yi tarayya da kwaka a wannan sinadari shi ne sha'ir, wanda ake yin talbina da shi, ga wanda zai iya samun mai kyau wanda ba a cakuɗa da sukari ba. Kunun gero da aka niƙa da dusarsa ba a tace ba ma ya fi tataccen koko sauƙi a jinina nesa ba kusa ba. Don haka wanda ba shi da halin sayen kwaka kada ya ɗauka an rufe masa ƙofa.

Wanda yake da hali kuma, ina ba shi shawarar ya saya, da sharaɗi uku da na biya da jinin yatsuna kafin na koya: ya nemi mai faɗin ƙwaya, ya auna, kada ya sa zaƙi ko da zuma ce. Idan yana da na'ura ya gwada kansa bayan awa biyu ko sau uku ne, don jikinsa ne zai gaya masa gaskiyar da ni ba zan iya ba.

Makon jiya ƙanwar maigidan nawa ta dawo, wannan karon fuskarta ba walwala. An gwada mijinta, jininsa ya hau, kitsen ma ya hau, suga kuma yana bakin iyaka. Ta ce, "Yaya, na sayo masa irin naki, ya zan yi masa?" Ba ta da sikeli, don haka na wanke wani ƙaramin gwangwanin madara, na auna giram 40 na zuba a ciki, ya tsaya kamar faɗin yatsa ɗaya kafin baki. Na ɗauki ƙusa na karce layi a daidai wurin na miƙa mata. Sannan na ce ta cire mayafi ta zauna, akwai ragowar alayyahu da kifi, ta ga yadda ake faten da idonta kafin ta tafi.